Lungun da Ruwa Yake Bi

Gidanmu na Kawo ɗaki biyu ne da zaure, ginin ƙasa, rufin kwano. Yana tsakanin manyan gidaje biyu. Ta sama akwai gidan wani Alhaji mai motocin haya, muna ce masa Alhajin tudu. Ta ƙasa akwai gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda daga baya ya koma dillancin siminti, shi kuma muna ce masa Alhajin gangare. A bayan ɗakin kwananmu akwai wani siririn lungu, da ƙyar mutum biyu za su gifta juna a cikinsa. Idan aka yi ruwan sama, duk ruwan da ya gangaro daga tudu ta nan yake bi, ya goga gindin katangarmu, ya fita ta gefen gidan Alhajin gangare, ya faɗa kwatar bakin titi. A cikin wannan lungu mijina ya rasu. Zan faɗi yadda abin ya kasance, iyakar abin da na gani da wanda na ji da kunnena.

Malam nake ce masa, kamar yadda na taso na ji uwata tana ce wa ubana. Mutumin Nijar ne, daga wajen Maraɗi. Ya zo Kaduna yana saurayi, tun ana noma gero a inda tashar mota take yanzu, ya koyi gyaran rediyo a wurin wani Bayarabe. Tsohon mai unguwa ne ya ba shi filin gidan, da baki, a gaban mutane, kamar yadda ake yi a lokacin. An ɗaura mana aure bayan an gama yaƙin basasa. Ni a makarantar firamare na tsaya, amma ina karatu ina rubutu, kuma ina da kunne.

Zauren shi ne shagonsa. Tsakaninsa da inda nake girki asabari ne kawai, don haka duk hirar da maza suke yi a ciki tana iske ni a gindin murhu. Bayan la'asar direbobi da leburori da wani tsohon tela sukan cika wurin. Malam yakan murɗa rediyo ya kamo Landan, ya kamo Mosko, ya kamo Jamus, in iska ta yi kyau har Yamai. Labari ɗaya ne, amma kowace tasha da yadda take juya shi. A nan na fara jin cewa akwai manyan ƙasashe da ba sa ga maciji da juna, kuma ba a gidajensu suke yin faɗan ba.

Tsohon telan nan shi ne mai tsokanarsa. Wata rana na ji ya ce, "Malam na Faranshi, ka ji shugabanku? Wancan wata yana Libiya yana miƙa hannu, wannan wata yana Legas yana miƙa hannu, gobe kuma sai Faransa. Wai ku yaran wane ne?"

Malam ya ce, "Yaran wanda ya ba mu abincin rana ne, Baba, har zuwa la'asar."

Aka yi dariya. Wani direba ya ce, "To da dare fa?"

"Da dare mu kwana ɗakinmu. Shi ke nan abin da muke tsaro."

Da aka lafa ya yi musu bayani, da irin Hausarsa ta can wadda bai taɓa yarwa ba. Ya ce ku kuna da teku, kuna da mai, mi ya dame ku. Mu rairayi gare mu, sai wani dutse da Faransa take haƙa a arewa tana sa masa kuɗin da ta ga dama. Duk abin da zai shigo mana sai ta ƙofar wani. In mun matsa kusa da Libiya, Faransa ta ɗaure bakin jaka. In mun manne wa Faransa, Libiya ta tuna akwai wasu rijiyoyi a kan iyaka da ba a gama maganarsu ba. In muka ɓata muku rai, ku rufe hanya, kananzir ya ɓace a Maraɗi. Ya ce ƙaramar ƙasa ba ta da aboki, ba ta kuma da ikon yin maƙiyi. Tana gaida kowa, tana karɓar kyautar kowa, ba ta rantsuwa a kan maganar kowa.

Tela ya ce, "Wannan ai roƙo ne da babbar riga."

Malam ya ce, "Roƙo ne. Amma har yau tutarmu ce a kan sanda."

Na daɗe ban gane cewa ba labarin Nijar kaɗai yake bayarwa ba. Haka yake tafiyar da gidanmu. Wutar lantarkin da yake aiki da ita waya ce aka jawo daga gidan Alhajin tudu. Ruwan da muke sha daga famfon tsakar gidan Alhajin gangare nake ɗebowa da sassafe. Kowane Alhaji yana da masallacinsa a ƙofar gida, to Malam sai ya yi azahar a nan, ya yi la'asar a can, magariba ya dawo, isha ya koma. In rediyon ɗayansu ta lalace ya gyara, ba ya karɓar ko kwabo. Ranar sallah in an aiko mana da tuwo daga gidajen biyu, yakan tsaya a kaina ya ga abin da na zuba a kwanonin da za a mayar, kada na wani ya fi na wani nama.

Ba wanda ya san ainihin abin da ya raba Alhazan nan. An ce da sun yi tarayya a kan wata babbar mota, sai rabo ya yi gardama. Ni dai da na zo unguwar ba sa gaisawa, matansu ba sa shiga gidan juna, 'ya'yansu in sun haɗu a hanyar makaranta sai an raba faɗa.

Da na haifi ɗana na biyu, namiji, bayan 'yar farinmu, kowane Alhaji ya aiko da ragon suna. Kowa ya san ma'anar wannan. Wanda aka yanka ragonsa, sunansa za a sa wa yaro, ya zama takwara, gidanmu kuma ya zama nasa a idon unguwa. Malam ya tsaya yana kallon ragunan a ɗaure a tsakar gida. Ranar suna ya sa aka yanka duka biyun, ya raɗa wa yaro sunan ubansa da ya rasu a shekarar fari. Ba wanda zai ce don me ka sa sunan ubanka. Alhazan suka zo, suka yi addu'a, suka tafi fuska a ɗaure. Malam ya shigo ɗaki yana murmushi, ya ce mini, "Kin gani? Mun ci nama, mun riƙe ɗanmu." Ya ji daɗin kansa a ranar. Ni ma na ji.

Sai kuɗin mai suka shigo gari. Alhajin tudu ya samu wani babban soja da yake ba shi jigilar kaya. Alhajin gangare ya samu wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, da yake sauke masa siminti a lokacin da ake neman buhu ɗaya ido rufe. Na tudu ya rushe gidansa ya tada bene. Na gangare ya tada nasa, ya ƙara masa tsawo kaɗan. Muka koma kamar akurki a tsakani, rana ba ta shigowa tsakar gidanmu sai ta take tsaka.

Benen Alhajin tudu rufinsa faɗi ne da shi, kuma ya sa aka juyo da duk indararon zuwa lungu. Ya kuma shafe tsakar gidansa da siminti, ƙasa ta daina shan ruwa, komai ya koma lungu. Yana da fili a bayanmu inda yake son ajiye motocinsa, saboda haka ya ce lungun hanyar jama'a ce tun asali, a faɗaɗa ta mota ta wuce. Alhajin gangare ya ce bakin lungun cikin filinsa yake. Don ya nuna haka, ya sa magina suka ja katangar bulo suka toshe bakin, suka bar wata 'yar kafa a ƙasa wadda gwangwanin madara zai cika ta.

Daminar farko ruwa ya riƙa kwanciya a lungun zuwa idon sawu, ya yini kafin ya tsiyaye. Gindin katangar ɗakinmu ya yi duhu, ya fara zubar da gari ta ciki. Da rani Malam ya kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe, ya jera duwatsu a gindin. Amma ya san ginin ƙasa ba ya jure tsayuwar ruwa. Sai ya fara zirga-zirga.

Alhajin tudu da kansa ya shigo zaure wata safiya, da rediyo a hannu wadda ba abin da ya same ta. Ina jin su ta asabari.

Malam ya ce, "Alhaji, da za a juya indararo biyu zuwa titi, da katangata ta huta."

Alhaji ya ce, "Ni na toshe lungu? Ruwa na Allah ne, hanya ta jama'a ce. Kai kana nan aka yanka filayen nan, kai kaɗai ka rage. Ka je gaban mai unguwa ka ce hanya ce. Ranar da ka faɗa, ni zan rushe maka wannan ruɓaɓɓiyar katanga in yi maka ta bulo."

"Allah shi saka da alheri, Alhaji. An daɗe, sai na yi tunani."

"Yi tunani. Wutar nan da kake narka dalma da ita ma tunani na yi na ba ka."

Na Alhajin gangare kuwa ta bakin uwargidansa ya zo mini, ina tsugune a bakin famfo. Mace ce mai fara'a, ta riƙe mini yaro sau da yawa. Ta ce, "Maƙwabciya, Alhaji ya ce in gaya miki, mijinki ya daina wahalar da kansa. Ya faɗa a gaban mutane cewa bakin lungu namu ne, a sa masa bututu mai faɗi, ruwa ya wuce. Magana ɗaya ce." Ta taya ni ɗora bokiti a kai. Ta ƙara da cewa, "Kin san halin maza. Kada a zo ana kulle famfo, ni ce zan ji kunya."

Ran nan da muka zauna cin abinci na ce masa, "Malam, ka zaɓi ɗaya. Ko wanne ne. Yara a ɗakin nan suke kwana."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce, "In na ce hanya ce, mota ba ta wucewa sai an ci rabin ɗakin nan. In na ce na gangare ne, gobe ya ce katangata ma a filinsa take. Kuma wanda na zaɓa, na zama kayansa. Ranar da suka shirya, a kaina za su yi musafaha."

"In ba su shirya ba fa? In ruwa ya riga su?"

"Ina lallaɓa su. Kowa na ba shi rabin magana. Damina tana wucewa."

Na ce, "Nan ba Nijar ba ce, Malam."

Ya ce, "Ko'ina Nijar ce ga wanda bai da ƙofar kansa."

Ya ci gaba da lallaɓawa har aka shiga damina ta biyu. Ya kai wa na tudu goro, ya kai wa na gangare goro. Ya nemi limaman masallatan biyu su sa baki, kowane liman ya ce zai duba, kowanne kuma a gidan Alhajinsa yake cin tuwon dare. A ƙarshe Alhazan suka gaji da rabin magana. Aka kira zama a ƙofar gidan mai unguwa, ɗan wancan tsohon da ya ba Malam fili. Ban je ba, mata ba sa zuwa. Tsohon tela ne ya zo zaure daga baya yana maimaita wa waɗanda ba su je ba, ni kuma ina ji.

Ya ce an tambayi Malam, lungun nan na wane ne. Malam ya durƙusa ya ce, ranka shi daɗe, ina tsaye mahaifinka ya bar wurin nan. Bai ba kowa ba. Ya ce wannan na ruwa ne, kada a gina, kada a toshe, kada a mai da shi hanya.  Sai Alhajin tudu ya yi dariya ya ce, ashe baƙo ne zai raba mana ƙasar ubanninmu. Alhajin gangare ya ce, yau dai na yarda da maganarka. Wannan ne karo na farko da aka ji sun yarda da juna a kan wani abu. Mai unguwa ya duba dama ya duba hagu, ya ce magana ce babba, a bari sai bayan damina.

Washegari yaron Alhajin tudu ya hau tsani ya cire wayar wuta, ya naɗe ta a hannu, bai ko yi sallama ba. Da na shiga ɗiban ruwa na tarar an sa wa famfo kwado. Uwargidan tana ɗaki, ba ta fito ba. Zaure ma ya bushe, domin rabin masu zuwa hira direbobin na tudu ne, sauran kuma masu dakon simintin na gangare. Tela kaɗai ya ci gaba da zuwa, shi ma ya daina tsokana. Malam ya koma ɗora ƙarfen dalma a kan gawayi, yana gwada rediyo da batir. Ruwan sha kuwa muka riƙa tara na sama a randa. Wannan kam ba mu rasa shi ba.

Bai daina zuwa masallatan biyu ba. Yakan dawo ya ce ya miƙa hannu an ba shi yatsu.

Cikin watan Agusta aka shiga irin ruwan nan da ba ya tsayawa, ya yi yayyafi ya yi ƙarfi ya koma yayyafi. Kayan wanki ba sa bushewa, ashana ba ta kamawa. Bangon ɗakinmu ya tsage daga sama, tsaga siririya, na sa tsinke a ciki ya shige. Na kwashe shimfiɗar yara na mayar zaure. Malam ya taya ni ɗaukar katifa.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne ruwa ya sauko da ƙarfi. Shara ta toshe 'yar kafar nan, ruwan lungu ya kai gwiwa. Malam ya tuɓe riga, ya ɗauki diga. Na bi shi zuwa bakin zaure da mayafi a kai, daga nan ana hango bakin lungu. Ya tsaya a gaban katangar bulon, ya ɗaga digar.

Alhajin gangare ya leƙo ta tagar bene. Bai ɗaga murya sosai ba. Ya ce, "Malam, in ka taɓa bulo ɗaya, a ofishin 'yan sanda za ka kwana, daga nan kuma sai iyaka. Ka san ba ka da kowa a nan."

Yaran motar Alhajin tudu suna fake a ƙarƙashin rumfa ta ɗaya gefen, suna cin gyaɗa. Suka fara kiran, "Fasa, Malam. Fasa mana, Alhaji yana bayanka. Buga ɗaya kawai."

Na ga ya waiga ya dube su. Ya dubi tagar bene. Ruwa yana zuba a fuskarsa. Na san abin da yake aunawa, domin na zauna da shi na san yadda kansa yake aiki. In ya fasa, ya yi wa na tudu aikin da ya daɗe yana nema, ya zama nasa, kuma na gangare ya samu hujjar korarsa. Ya sauke digar a hankali, ya jingina ta da bango. Yaran suka yi masa ihun tsiya. Ya zo ya karɓi bokiti a hannuna.

Na ce, "Malam, bar shi. Ɗakin ya faɗi in zai faɗi, ba kowa a ciki."

Ya ce, "In ya faɗi ba mu da abin tada shi. Koma wurin ɗiyanki."

Ya shiga lungun yana kamfatar ruwa daga gindin katanga, ya fito ya zubar a titi, ya koma. Indararo suna zuba a bayansa fiye da abin da yake kwashewa. Mutane suna kallo daga rumfuna da tagogi. Ba wanda ya kawo bokiti na biyu. Ban sani ba ko tsoron Alhazan ne, ko kuwa sun ga aikin banza ne.

Yaron ya yi kuka, na koma ciki na ɗauke shi. Ina rarrashinsa na ji ƙarar. Ba wata babbar ƙara ba ce. Kamar an sauke buhunan hatsi daga mota a lokaci ɗaya. Sai na ga ruwa ja yana fitowa ta ƙofar ɗakin kwananmu, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta zaure a ƙarƙashin ƙafafuna, ya fita titi. Ya samu hanya.

Yaran gidajen biyu ne suka tono shi, da shebur da hannu. A nan kam sun yi aiki tare. Da aka fito da shi bokitin yana ƙarƙashinsa, ya lotse. Ba zan faɗi yadda fuskarsa take ba.

Kafin a gama wanka, an aiko da likkafani daga gidan tudu. Ba a jima ba wani ya zo daga gidan gangare, farin yadi mai kyau, ya fi na farko tsawo. Masu wankan suka tsaya suna shawara a tsakar gida, cikin taɓo, ina jin su daga ɗakin da aka zaunar da ni. Ɗaya ya ce in aka ɗauki na wane, wane zai ji haushi. Suka yanke cewa a yanki wani ɓangare daga wannan, wani daga wancan. Haka aka yi. An naɗe shi a yadin mutum biyu, ba wanda aka ɓata wa rai. Na yi tunanin da yana gani da ya ce an yi daidai.

Zaman makoki ma haka. Na tudu ya sa aka shimfiɗa tabarmi ta sama, na gangare ta ƙasa. Wannan ya aiko da buhun shinkafa, wancan ya aiko da buhu da galan ɗin mai. Masu zuwa gaisuwa sai sun yi wa kowane ɓangare, suna cewa Alhaji ya haƙuri, an yi rashin maƙwabci. Uwargidan gangare ta shigo ta rungume ni tana kuka, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Ta ce an cire kwadon famfo, in aiko a ɗiba ko yaushe. A ranar uku aka mayar mana da wayar wuta. Ba mai aiki da ita.

Na yi takaba a ɗakin da ya rage. Ƙanen Malam ya zo daga Maraɗi, mutum mai sanyin murya, ya kwana biyu a zaure tsakanin rediyoyin mutane da ba a gama gyarawa ba. Ya je wurin mai unguwa ya yi maganar gidan marayu. Aka ce masa ya sha ruwa, ya huta, za a duba. Ya ce mini, "Ni baƙo ne nan, ba ni da bakin magana." Ya ɗauki carbin wansa da hula ɗaya ya koma.

Kafin in fita takaba labari ya zo cewa Alhazan sun shirya. Babban sojan nan ne ya samu wani aikin gini mai girma, yana bukatar motoci yana bukatar siminti, ba ya son rigima a tsakanin masu yi masa aiki. Ya kira su gidansa a Unguwar Rimi. An ce ba su yi awa ɗaya a ciki ba. Abin da limamai da dattawan unguwa suka kasa a shekaru, ya gama shi kafin shayi ya huce.

Bayan na fita, suka zo a mota ɗaya, su biyu a baya, mai unguwa a gaba. Aka kira yayana, wanda yake aikin kafinta a Malali, ya tsaya mini. Ina bayan asabari. Mai unguwa ya ce ya bincika, filin nan aro mahaifinsa ya ba marigayi, don ya zauna iyakar ransa, tunda ba ɗan ƙasa ba ne. Yayana ya ce, ranka ya daɗe, yaran nan fa a nan aka yanke musu cibiya. Alhajin tudu ya ce, ai saboda yaran muke magana, ginin nan ya riga ya ci mutum ɗaya. Alhajin gangare ya ce ba za su bar marayu haka ba, za su ba da abin da za a kama haya. Suka yi ta yabon Malam. Mutum ne mai gaskiya, ba ruwansa da rigimar kowa, bai taɓa ɗaukar ɓangare ba. Na ji ƙarar tafin hannunsu da suka yi musafaha a zauren.

Yayana ya leƙo ya ce, "Kin ji. Me kika ce?"

Na ce, "Yaya, a nemo mai kura ya kwashi kaya."

Na bi gida gida na mayar wa mutane rediyoyinsu, waɗanda aka gyara da waɗanda ba a gyara ba. Tsohon tela ya ƙi karɓar tasa. Ya ce in bar wa yaron, in ya girma ya buɗe ya ga aikin ubansa. Tana nan har yau, ba ta magana.

Suka raba filin. Na tudu ya samu hanyar motocinsa ta inda zaurenmu yake. Na gangare ya gina rumbun siminti a kan ɗakin kwananmu. Ni na reni yarana a Malali, a ɗaki ɗaya a gidan yayana, da sana'ar ƙosai da ɗinkin hula.

Na yi shekaru ban bi ta wannan layi ba. In zan shiga mota a Kawo nakan zaga ta baya. Wata rana da damina, 'yata ta riga ta yi aure, muna dawowa daga wata unguwa tare, ruwa ya tare mu daidai wurin. Muka fake a rumfar wani mai shayi. Ta tambaye ni ina ne ɗakinmu yake, domin ta manta. Na nuna mata bangon rumbun.

Lungun yana nan. Ba a gina shi ba, ba a mai da shi hanya ba. An yi masa kwata ta siminti, mai zurfi, mai faɗi, tun daga gindin benen tudu har bakin titi, an fasa katangar bulon an sa ƙarfe don tare shara. Mai shayin ya ga muna kallo, ya ce Alhazai biyu ne suka haɗa kuɗi suka yi ta, tun da daɗewa, Allah ya saka musu, unguwar nan ba ta san ambaliya ba.

'Yata ta kama hannuna. Muka tsaya muna kallon ruwan yana wucewa, bai taɓa bangon kowa ba, har aka ɗauke.